Gishiri a Ɗakin Rakiya

Duk wanda ya nemi gidan haya a unguwar Ain Khaled ta birnin Doha cikin 'yan shekarun nan, da wuya a ce bai haɗu da Mas'udu Dogara ba. Dogo ne siriri mai ɗan saje, kullum cikin farar riga mai dogon hannu ko da ana zafin da ke narka kwalta, da tarin makullai a cikin wata 'yar jakar fata da yake ratayawa a kafaɗa. Aikinsa shi ne ya buɗe wa mai neman haya ƙofa, ya kunna masa fitilu da esi mai sanyaya ɗaki, ya zaga da shi ɗaki-ɗaki, ya amsa tambayoyinsa, ya rufe, ya wuce gida na gaba.

Mutumin Kazaure ne. Mahaifinsa magini ne na ginin ƙasa, wanda a duk rayuwarsa abu ɗaya yake dubawa game da fuskar gini, wato kada mai shiga bayan gida ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Mas'udu bai gaji ginin ba. Ya yi difloma a harkar gidaje da filaye, ya yi shekaru yana yawo da takardu a ambulan, har wani kamfanin gadi ya zo ɗibar ma'aikata ya ba da sunansa. A 2013 ya sauka Doha, aka ba shi yunifom da hula, aka tsayar da shi a ƙofar wani rukunin gidaje.

Daga wannan ƙofar ya bar gadi. Dillalan kamfanin da ke kula da gidajen sukan makara, masu neman haya su tsaya a rana suna gumi suna mita. Sai Mas'udu ya ɗauko makulli daga ɗakin gadi ya ce su zo su fara gani kafin mai aikin ya iso. Turancinsa mai kyau ne, Larabcin kasuwa kuma ya shige shi da wuri. Da manaja ya lura cewa gidajen da mai gadi ya nuna sun fi saurin samun masu shiga, ya sa aka sauya masa kafil, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, aka ba shi tebur a ofis da ƙaramar mota.

A sabon aikin ne ya fara gamuwa da masu zuwa ganin gida da kamfas. Na farko wani injiniya ne Ba'indiye da matarsa. Gidan sabo ne fil, ga wurin ajiye mota, ga makaranta kusa. Mutumin ko shiga bai yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya wa gidan baya, ya ɗora waya a tafin hannu yana kallon allurar da ke nuna arewa, ya yi wa matar magana da yarensu, suka yi godiya suka koma mota. Mas'udu ya dawo ofis yana tambaya ko wari suka ji.

Wani dattijo mai suna Narayan, shugaban masu gyaran famfo da wuta na kamfanin, shi ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Ya ce abin sunansa Bastu, tsohon ilimin gini ne na ƙasarsu. Ana so ƙofar gida ta kalli gabas ko arewa. Madafa ta zauna a kudu maso gabas, don can ne mazaunin wuta. Kusurwar arewa maso gabas a bar ta da tsabta da haske. Mai kwanciya kuma kada kansa ya kalli arewa. Daga baya wata Basiniya mai sayar da kayan lantarki ta ƙara masa irin nasu, wanda suke kira Fanshuwi. Ta ƙi wani bene mai kyau saboda daga ƙofar shiga ana hango tagar baya kai tsaye, wai arziki zai shigo ya fice bai zauna ba. Ta kuma nuna masa wani madubi da ke kallon gado, ta girgiza kai, ta ce wannan yana hana barci, yana shiga tsakanin miji da mata.

Mas'udu mutum ne mai son ya san aikinsa. Ya riƙe duk wannan a ka, har ya kai idan Ba'indiye ya kira waya, kafin ya buɗe baki zai ce masa, "Ƙofa gabas take kallo, madafa tana inda kuke so, yalla mu je." Ya daina ɓata man mota da ɓata wa mutane lokaci, sunansa ya zaga a tsakanin Indiyawan unguwar a matsayin Banajeriyen da ya san kan abin.

A wajen Hausawa kuwa, abin dariya ya mayar da shi. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci ana haɗuwa a gidan Dakta Abdulhakeem a unguwar Abu Hamour, likitan ƙashi ne da ya daɗe a ƙasar, gidansa kuma ba ya zaɓen baƙo. Injiniya da direba da mai gadi duk faranti ɗaya suke sa wa hannu. Da an cinye tuwo an kawo shayi, Sunusi direban bas ɗin makaranta zai ɗaga murya.

"Sarkin Kusurwa, wa aka hana shiga gida a wannan makon?"

Sai Mas'udu ya miƙe, ya ɗora waya a tafin hannu, ya karkace wuya, ya yi ta juyi a tsakiyar falo kamar mai neman sabis. "Oga, gida ya yi, unguwa ta yi, madam ta yarda, amma fa murhu ya zauna a kujerar ruwa!"

A yi ta dariya har wani ya ƙware da shayi. Dakta ya share hawaye ya ce, "Allah Ya raba mu da camfi."

"Amin, ranka ya daɗe. Mu dai a nuna mana alƙibla, halas, shi ke nan," in ji Mas'udu.

Ta hanyar wannan gidan ya sami mata. Hajiya Ummukulthum, uwargidan Dakta, ita ma 'yar Kazaure ce, kuma ita ta ga hankalinsa ta haɗa shi da Rakiya, 'yar yayarta. Aka ɗaura aure a wani hutu da ya je gida. Bayan auren Mas'udu ya so ya rage wasa a gaban Dakta, amma Dakta ya ce a majalisa babu surukuta, a ci gaba da ba su labarin masu kamfas. Rakiya ta zauna a gidan iyayensa, a ɗakin da aka ware mata kusa da na mahaifiyarsa, shi kuma yana zuwa sau ɗaya a shekara, har zuwa lokacin da muƙaminsa ya kai a ba shi izinin kawo iyali.

Gidan da ya samu yana hawa na biyu a wani bene da kamfaninsu ke kula da shi, ɗaki ɗaya da falo. Ya daɗe a rufe, domin ƙofarsa kudu maso yamma take kallo, madafarsa kuma ta faɗa daidai kusurwar da aka ce a bar ta da tsabta, kuma yawancin masu neman haya a layin Indiyawa ne. Mas'udu ya kai wannan ma majalisa, ya ce Bastu ya yi masa gadin gida har ya tara abin kamawa.

Da ranar zuwan Rakiya ta matso, Hajiya ta kira shi ta ce ya kawo mata makulli. Ta ce yarinyar nan ba a taɓa yi mata jere na gaske ba, zaman da ta yi a Kazaure zaman gidan surukai ne, yanzu ne za ta shiga ɗakinta. Jere aikin dangin mace ne. Su ke sayen kaya, su ke zaɓar inda kowane abu zai zauna, miji ba ya sa baki balle hannu, kuma abin da suka ajiye ba ya motsi sai in mai ɗakin ce da kanta ta ga dama. Hajiya ta tara matan abokan Dakta, suka kore shi tun da safe, suka wuni suna ja suna turawa suna guɗa a hankali saboda maƙwabta.

Da yamma aka ce ya zo ya gani. Ƙamshin turaren wuta ya tare shi tun daga matakala. An rataya labule ruwan zuma, an jera tangaran a cikin kabad mai gilashi, an shimfiɗa darduma mai laushi. Ya leƙa uwar ɗaka, idonsa na aiki ya riga shi shiga. Kan gadon yana jikin bangon arewa, don shi kaɗai ne bango mai tsawo. Babban madubi mai tebur yana tsaye yana kallon gadon sosai. Ya yi murmushi a ransa, ya ce da Narayan ne da ya suma. Ya durƙusa ya yi wa Hajiya godiya, ta ce Allah Ya ba da zaman lafiya.

Watannin farko sun yi daɗi. Sai Rakiya ta fara dusashewa. Ga abinci ga komai, amma tana ramewa. Barci ya ƙaurace mata, da safe ya gan ta idanu jajur tana haɗa masa shayi. Ta sami ciki, suka yi murna a ɓoye ba su faɗa wa kowa ba sai Hajiya, kafin ya yi ƙwari ya zube. A asibiti aka ce irin wannan yana faruwa, babu wata cuta, ta huta kawai. Ta dawo gida ta ƙara yin shiru. Magana kaɗan sai ta zama faɗa, su da ba su saba ba.

Mas'udu ya yi addu'a, ya yi sadaka, ya sa mahaifiyarsa ta roƙa masa malamai a gida. Amma duk lokacin da ya shiga ɗakin nan sai idonsa ya tafi kan madubin. Ya ce a'uzubillahi, ya kawar da kai. Gobe ya sake kallo. Maganar Basiniyar nan ta dawo masa kalma-kalma, har da yadda ta girgiza kai. A wurin aiki yana gaya wa mutane wannan ɗakin ya dace, wancan bai dace ba, da bakin da ya saba, ya dawo gida ya kwanta kansa yana arewa, matarsa tana juyi a gefensa. Abin da ya haddace don ya sayar da haya ya sami wurin zama a cikinsa, bai san ranar da ya shiga ba.

Wata rana da hantsi ya sami Narayan a ɗakin ajiyar kaya yana ware bututu. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce akwai wani kwastoma da ya riga ya shiga gida mai kaza da kaza, ba zai iya tashi ba, ko akwai abin da ake yi.

Narayan ya dube shi ta saman tabarau. "Hawa na biyu, ƙofar kudu maso yamma? Ni na gyara famfon gidan nan, ɗan'uwa."

Mas'udu ya ji kamar an tuɓe masa riga a kasuwa. Dattijon bai yi dariya ba. Ya ce a juya gadon kai ya koma kudu, a fitar da madubi daga ɗakin, a zuba gishiri mai tsakuwa a ƙananan kwanoni a ajiye a kusurwoyi, wai yana tsotse abin da ba shi da kyau. Ya ƙara da cewa, "Ni ma ban san ko yana aiki ba. Matata ce take yi, ni kuma ina son zaman lafiya."

Ran Asabar Rakiya ta tafi gidan Hajiya kitso. Mas'udu ya sauke ta, ya ce yana da masu ganin gida, ya juyo ya dawo. Ya kulle ƙofa, ya saki labule kamar ɓarawo a gidansa. Shi kaɗai ya kwance gadon, ya ja katifa, ya tura sif ɗin kaya gefe har ya kankare fentin bango. Gadon bai zauna daidai a bangon kudu ba, ya tare rabin taga. Ya rungumo madubin ya kai shi lungun da ke tsakanin falo da madafa. Sannan ya buɗe kabad ɗin tangaran, ya zaro ƙananan kwanonin da ke can baya inda ba za a lura ba, ya cika su da gishiri, ya tura ɗaya ƙarƙashin gado, ɗaya bayan sif, ɗaya bayan buhun shinkafa a madafa. Yana yi yana istigfari, bai kuma fasa ba.

Da ya ɗauko Rakiya suka shigo, ta tsaya a bakin ɗakin da mayafinta a hannu.

"Wa ya shigo?"

"Ni ne. Esi ne yake bugun kanki, shi ya sa ba kya barci."

"Madubin ma esi yake bugunsa?"

"Ya cika ɗakin."

"Anti Ummu ce fa ta ajiye su a nan."

Da ya yi shiru a nan da ya fi masa. Amma kunya ta sa shi ɗaga murya. "Gidan nawa ne ko na Anti Ummu?"

Ta ninke mayafin ta ajiye, ta wuce madafa.

Bayan 'yan kwanaki ya dawo daga aiki cin abincin rana ya tarar da gidan a kulle, babu kowa, tsintsiya tana yashe a tsakiyar ɗaki, sif ɗin an ɗan jawo shi daga bango. Bai buƙaci ya leƙa ba, ya san ta ga kwanon gishirin. Yana tsaye a wurin wayarsa ta yi ƙara. Dakta ne, da wata murya da bai taɓa yi masa magana da ita ba.

"Mas'udu, iyalinka tana nan. Ka zo bayan la'asar."

Falon da yake juyi yana ba mutane dariya, yau a bakin ƙofarsa ya cire takalmi ya durƙusa a kan darduma. Dakta yana kan kujera da carbi. Hajiya tana gefe, ta yafa babban mayafi. A kan teburin tsakiya ga kwanonin nan uku a jere, gishirin ya ɗan yi danshi ya dunƙule. Ƙofar da ke shiga cikin gida a buɗe take kaɗan, labulenta yana motsi.

Hajiya ba ta bari ya gama gaisuwa ba.

"Ka san waɗannan?"

"Na san su, Hajiya."

"Ni ma na san su, ni na saye su. Abin da ke ciki ne ban sani ba. Wa ya ba ka?"

"Gishiri ne kawai."

"Na ɗanɗana, na san gishiri ne. Tambayarka nake wa ya ba ka, kuma me aka karanta a kai. Mu ba yara ba ne, Mas'udu. Mace ta share ɗakinta ta tarar an ɓoye mata abu a ƙarƙashin gado, an juya mata makwanci, an fitar mata da madubi, me kake so ta ɗauka? Yarinyar nan ta shigo min tana rawar jiki. Tambayar da ta fara yi min ita ce ko abin nan yana wurin tun kafin cikinta ya zube."

Mas'udu ya ɗago da sauri. "Wallahi, Hajiya, wallahi bayan nan ne."

"To na mene ne? In ka gaji da ita ne ka faɗa, ba sai an bi ta bayan gida ba. Ni na kawo ta, ni zan mayar da ita. Ban kira yayata ba tukuna saboda Dakta ya ce a ji ta bakinka. In ban ji abin da hankalina zai ɗauka ba, yau zan kira Kazaure, jibi tana jirgi."

Ya duba hanyoyin da suka rage masa, duk babu mai kyau. In ya yi shiru, ya zama mutumin da ke yi wa matarsa asiri, kuma labarin zai riga Rakiya isa gida, ya shiga kunnen mahaifiyarsa. In ya faɗi gaskiya, a gaban Dakta zai faɗe ta. Ya gwada wata 'yar ƙaramar ƙofa.

"Saboda danshi ne. An ce gishiri yana tsotse danshi."

"Danshin ne ya ɗauki madubi ya kai lungu?" in ji Hajiya.

Dakta ya ajiye carbi. "Mas'udu, kada ka ƙara ƙarya a kan abin da ya riga ya yi nauyi. Ni ɗa na ɗauke ka. Wane malami ne?"

"Ba malami ba ne, ranka ya daɗe."

"To wane ne?"

"Narayan ne. Mai gyaran famfo na ofishinmu."

Mas'udu ya kafa ido a kan zanen dardumar, ya fara magana. Abin da ya fi yi masa nauyi shi ne kalmomin da dole ya furta. Bahaushe ba ya ambaton makwancinsa a gaban surukai, shi kuwa ga shi yana bayanin inda kan gado yake kallo, da abin da madubi yake gani, da abin da aka ce yana shiga tsakanin miji da mata, duk a gaban matar da take matsayin uwa ga Rakiya. Ya faɗi yadda ya ga komai tun ranar jere ya yi dariya. Ya faɗi yadda bayan ɓarin ya kasa daina kallon madubin. Ya ce ya san babu kyau, ya san babu mai yi sai Allah, amma ya ce a ransa idan an juya ɗin me za a rasa. Gumi ya jiƙa masa farar rigar duk da sanyin esi.

Dakta ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya daɗe yana kallonsa.

"Bastu," ya ce a hankali. "Kai, Mas'udu?"

Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Mas'udu ya ƙara sunkuyar da kai.

Hajiya ta sauke ajiyar zuciya, ta tafa hannu sau ɗaya. "Inna lillahi. Ni ina nan ina lissafin bokayen Kazaure ɗaya bayan ɗaya, ashe mai gyaran famfo ne." Ta gyara mayafi. "To ka ji. Abin da ke tsakaninka da Ubangijinka, ka je ka tuba, ba ni zan yi maka hisabi ba. Amma jeren nan nawa ne. Mata goma sha suka bar gidajensu suka wuni a tsaye, ka zo ka wargaza kamar kayan gwanjo, ka kuma ce gidan naka ne ko na Anti Ummu. Gidan naka ne. Ɗakin nata ne."

"Na yi kuskure, Hajiya. A yafe min."

"Ba ni za ka fara ba wa haƙuri ba. Rakiya! Na san kina nan, fito."

Labulen ya buɗe. Rakiya ta fito da hijabi har ƙasa, ta zauna a gefen ƙafar Hajiya, ba ta kalle shi ba.

"Kin ji da kunnenki. Ba asiri ba ne, wauta ce. In kina so ki zauna nan har ranki ya huce, ɗaki yana nan. Ran Asabar zan tara matan mu je mu mayar da komai inda yake, shi kuma ya tsaya ya ɗauki kaya, tunda ya nuna yana da ƙarfi."

Matan nan matan 'yan majalisa ne. Abin da suka ji ran Asabar, mazansu za su ji shi kafin magariba, Sunusi kuma kafin isha'i. Mas'udu ya buɗe baki zai roƙa a rufa masa asiri, ya ga ba shi da bakin roƙon, ya rufe.

Rakiya ta daɗe tana murza bakin hijabinta. Sannan ta ce, "Anti, zan bi shi."

"Kin tabbata?"

"Na bar wake a jiƙe."

Hajiya ta harare ta, ta harare shi, ta tura kwanonin gabansa da bayan hannu. "Ɗauki kayanka. Gishirin a zuba a miya, kada a yi almubazzaranci."

Ya fito da kwanoni uku a hannu, ya rasa yadda zai sa takalmi, sai da ya ajiye su a ƙasa. Dakta bai rako shi ba.

A mota suka wuce kasuwar kayan gwari, inda motocin dakon tumatir suka tare rabin titi. Rakiya tana kallon waje, kwanonin suna kan cinyarta suna ƙara duk lokacin da ya taka birki.

"Ka san abin da ya fi ba ni haushi?" ta ce, ba ta juyo ba.

"Ki yi haƙuri."

"Ban ce ka ba ni haƙuri ba, tambayarka na yi. Wata da watanni ina kwana ido biyu a gefenka. Ka tambayi likita, ka tambayi malaman Kazaure, ka je ka tambayi Ba'indiye mai famfo. Har bango ka tambaya. Ni da ba na barcin, ko sau ɗaya ba ka ce Rakiya me ke hana ki ba."

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ya nemi ranar da ya taɓa tambaya don ya kare kansa, bai samu ba.

"Tambaye ni yanzu," ta ce.

Ya kunna sigina, ya gangara gefen titi kusa da wani shagon shayi, ya tsaya. Bai iya kallonta ba, sai ya kalli hannunta da ke riƙe da kwanonin.

"Me ke hana ki barci?"

"Shiru," ta ce. "Ka fita da safe ka ja ƙofa, shi ke nan, ba na ƙara jin muryar ɗan Adam sai ka dawo. Babu mai sallama, babu mai aron turmi, ko kukan akuya babu. Ranar da cikin nan ya zube, ni kaɗai ce a gidan, na kira ka kana tare da masu ganin gida, ka ce in ba ka minti kaɗan."

Wani yaron shago ya taho wajen tagar yana tambaya ko shayi za a kawo. Mas'udu ya ɗaga masa hannu, yaron ya koma. Ya kashe motar, ya bar Rakiya ta ci gaba da magana.